Malam Badamasi Ba Ya Son Hayaniya

Duk wanda ya san Gwarzo ya san Layin Malamai, can bayan gari inda gonaki suka fara. Wanda kuwa ya san layin, to ya san Malam Badamasi, ko da ta hanyar rigima ce.

Mutumin Gammo ne, ta ƙasar Kabo. A babban gida ya tashi, inda mutum arba'in ke shiga ta ƙofa ɗaya, kuma tun yana ƙarami surutu ke sa masa ciwon kai. Da ya samu aikin malamin gona a Gwarzo sai ya kama haya kusa da tasha, shi da ƙanensa Tasi'u. A nan Tasi'u ya faɗa hannun 'yan ƙwaya. Cikin shekara uku ya lalace, a ta huɗu aka binne shi. Badamasi bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, amma ya rantse ɗansa ba zai tashi inda ake jin ihun kwandasta ba.

Lokacin da ya yi gini a Layin Malamai gidaje shida ne kacal. Ya tare da matarsa Zubaidatu da 'ya'yansu biyu, Mahbub da Kamila. Kuma a faɗi gaskiya, unguwar ta biya masa buƙata. Ba kwata mai wari, ba majalisar samari a bakin layi, ba babur mai gudun wuce sa'a. Yaran su je boko, su dawo, su wuce Islamiyya, kuma ba su taɓa wuce na uku a aji ba. Ko zagi ba su iya ba.

Inda gizo yake saƙar shi ne, Badamasi ya ɗauki shirun unguwar kamar gonarsa ta gado. Wata mata mai suna Indo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta kafa injin markaɗe a zaurenta. Sau uku yana kai ƙararta wurin mai unguwa, da abin bai yi ba ya kira duba-gari, sai da aka cire injin. A ranar, Indo ta tsaya a ƙofar gidansa ta yi masa Allah-ya-isa, shi kuwa ya ce ta rage murya. Samarin da ke buga ƙwallo a filin gaban gidansa ya kama ƙwallonsu ya farke da wuƙa. Ya tara ƙasa a bakin layi don kada masu adaidaita su riƙa shigowa suna danna ham. A hankali har masu tallan kayan miya suka daina bi ta nan.

Maƙwabcinsa na jikin katanga shi ne Malam Shadrak, malamin lissafi daga Kudancin Kaduna, matarsa Irene kuma ma'aikaciyar jinya ce. Katangar gajera ce a da, don haka Zubaidatu da Irene kan tsaya su yi hira ta kanta, wannan ta miƙa daddawa, waccan ta miƙo citta. Wata rana Badamasi ya dawo ya tarar suna ƙyalƙyala dariya. Kafin mako ya zagayo ya kira magini ya ƙara layi huɗu na bulo.

Shadrak ya zo har ƙofa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Malam, katanga dai taka ce, amma ka toshe iskar ɗakin yarana."

Badamasi ya ce, "Ban sayi fili don in ji hirar mata ba. In iska kake nema, akwai ta a kan duwatsun garinku."

Daga ranar suka yi shekara tara ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Wadda ta ɗauki nauyin wannan duka ita ce Zubaidatu. 'Yar Gude ce, ta saba da daka a taron mata, ana sussuka ana tsokanar juna. A nan kuwa sai ta wuni ba ta ji sallamar kowa ba. An daina aiko mata da goron suna ko na biki. In ta yi ƙorafi sai ya ce ta dubi sakamakon jarrabawar 'ya'yanta ta gode wa Allah.

Wata rana da hantsi, yana Kabo wurin taron manoma, Zubaidatu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Kamila, tana da shekara sha shida a lokacin, ta fita ba mayafi tana buga ƙofofi. Gida na farko ba a buɗe ba. A na biyu aka leƙo aka ce ba sa son Malam ya kai su ƙara don sun shiga masa gida ba izini. Sai da ta kai bakin titi ta ci karo da Irene tana dawowa daga aiki. Ita ta kinkimi Zubaidatu ta sa a motarsu, sai asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma an makara, ɓarin jikinta na hagu ya riga ya shanye.

Da Badamasi ya iso asibiti, ya duba matarsa, sai ya juya ya tambayi Kamila wa ya bar ƙofar gida a buɗe. Ko kallon Irene bai yi ba. Mahbub, wanda ya baro makaranta a Kano da jin labarin, yana tsaye a wurin. Ya bi mahaifinsa waje.

Ya ce, "Baba, ka tsare mu daga 'yan ƙwaya, Allah ya saka maka. Amma a garin nan kaf ba ni da mutum ɗaya da zan kira ya kama mini Inna."

Badamasi ya ce, "Da a tasha ka tashi, da yanzu kana kwance kusa da Tasi'u."

Daga ranar Mahbub bai ƙara kwana a gidan ba.

'Yan'uwan Zubaidatu suka ɗauke ta zuwa Gude don jinya. Da ta fara takawa da sanda Badamasi ya je ɗauko ta, ta ce masa a bar ta inda take jin motsin mutane. Bai sake ta ba, ita ma ba ta nema ba. Duk Juma'a yakan kai mata magani, ya zauna minti goma yana ɓata rai saboda kukan yara, ya tashi. Kamila ta yi aure a Kano, kuma ranar ɗaurin auren mutanen Gammo da Gude ne kawai suka halarta, ba wanda ya zo daga layin. Mahbub ya zama injiniya, ya kama gida a tsakiyar birnin Kano, 'ya'yansa suna wasa a layi da na kowa. Da Sallah yakan kawo su su gaida kakansu, kafin la'asar sun juya.

Yanzu Badamasi ya yi ritaya, gari kuma ya cimma Layin Malamai. Wani matashi mai suna Maikuɗi ya sayi filin da ke kallon gidansa zai gina gidan burodi, har an kawo janareto. Badamasi ya shigar da ƙara kotu. Lauyansa ya gaya masa gaskiya cewa takardun yaron sun cika, da wuya ya yi nasara. Ya karɓe fayil ɗinsa ya nemi wani lauyan. An ɗage zaman zuwa bayan Babbar Sallah.