Sun Sace Sunan Yayana Yana Kabari

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sabi'u makwancinsa a Fulatan. Malamin dabbobi ne, ya yi ta zagaya rugage tsakanin Rogo da Ƙaraye har ƙafafunsa suka gaza. Allah ya jiƙansa. Na so a ce addu'a kawai zan yi masa a wannan fili, amma wasu marasa kunya ba su bar ni ba.

Bara wani makiyayi mai suna Buba ya yi sallama a ƙofar gidanmu, daga wajen Kafin Dafga. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ina Malam Sabi'u? Ya fito ya ji abin da maganinsa ya yi mini." Shanunsa ne suka zube bayan ya ɗura musu magani, har da wadda iyalinsa ke shan nononta. Ya miƙo mini waya. Hoton Yaya ne, wanda aka ɗauka ranar auren 'yarsa, ga cikakken sunansa, a wani shafi da ke tallar maganin ciwon hanta na shanu. A mota aka aiko wa Buba da kwalaben. Da na ce mai hoton ya daɗe da rasuwa, sai ya zauna a dakali yana ta salati.

Washegari ni da Buba muka je wani ofishin 'yan sanda, ba sai na faɗi wanne ba.

"Wa aka sace wa sunan?" in ji jami'in da ke kan tebur.

"Yayana ne, yallaɓai."

"To ya zo da kansa."

"Ya rasu."

Ya ajiye biro. "Ai mamaci ba ya ƙara." Sai ya juya ga Buba. "Kai kuma, wa ya aike ka sayen magani a waya?"

Wani lauya ya tabbatar mini akwai doka a kan satar suna ta intanet, har ya karanta mini ita, turancinta gwanin daɗi. Amma jami'in da zai yi aiki da ita cewa ya yi in tura masa hoton shafin, sannan ya ce ba shi da data. Kafin takardar ƙararmu ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan, ɓarawon ya rufe shafin ya buɗe sabo, da hoton nan dai, ya ƙara masa "Dakta", laƙabin da Yaya bai taɓa yarda a kira shi da shi ba.

Ina ma Yaya ya ga wannan! Mutumin da ya taɓa kama wani da lalataccen magani a kasuwa da hantsi, kafin la'asar alƙali ya yanke hukunci. A lokacin macuci yana da rumfa, yana da unguwa. Yanzu yana zaune a inda ba wanda ya sani, masu kamun kuma suna jiran mamaci ya zo ya sa hannu.

Na daina zarya. Duk ranar kasuwa nakan bi kara, inda ake cinikin shanu, ina gaya wa makiyaya cewa Malam Sabi'u ya rasu, kada su saya. Wani tsohon arɗo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mu da muka san shi ba mu saya ba, ɗana. Malam bai taɓa bai wa saniya magani bai buɗe bakinta ya duba ba."