Auren Silvanus a Taragon Cin Abinci

Silvanus Kumai ɗan wani ƙauye ne a gindin duwatsun Kagoro. Ubansa manomin acca da citta ne, ya kuma so ɗansa ya gaje shi, amma yaron na gama aji huɗu ya gangaro Kafanchan neman aikin reluwe. Wanke-wanke aka fara ba shi a kicin ɗin jirgin fasinja. A hankali ya yi ta samun ƙarin girma, har ya zama mai kai wa manyan fasinjoji abinci a taragon cin abinci, da farar riga mai maɓallan ƙarfe da farar safar hannu. Ya fi shekara ashirin yana kai da komowa tsakanin Fatakwal da Jos.

Aikin ya shiga jikinsa sosai. Ko a ƙasa yake tafiya sai ya ɗan buɗe ƙafafu, kamar yana jiran hanyar ta girgiza. In aka ba shi ruwa a gidan mutane, sai ya ɗaga kofin wajen haske ya duba kafin ya kai baki. A duk unguwarsu shi kaɗai ne yake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur kafin ya ci tuwo. 'Yan tasha suka sa masa suna Bature, kuma ba a taɓa ganin ya ji haushin sunan ba.

Har ya wuce arba'in bai yi aure ba. Yayarsa Afiniki, wadda ta goya shi, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta nuna masa 'yan mata har ta gaji. Kowacce sai ya samo mata laifi. Wata ta cika dariya, wata tana jan takalmi a ƙasa.

A jirgi ya gamu da Bernice. Unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibitin mishan a Kafanchan, tana dawowa daga kwas. Naƙuda ta kama wata mai ciki bayan an bar Makurdi, Bernice ta shigo taragon cin abinci da sauri tana neman ruwan zafi. Ta dubi teburorin da Silvanus ya gama shiryawa, ta ce, "Malam, kwaso min waɗannan fararen ƙyallayen."

"Sista, yanzun nan na shimfiɗa su. Jiya aka goge su."

"Shi ya sa nake so. Kwaso."

Ya kwaso. Kafin a kai Lafiya an haifi yarinya, manyan fasinjoji kuwa a kan katako tsirara suka ci abincin rana. Tun daga ranar, duk lokacin da jirginsa ya sauka Kafanchan, sai a gan shi ya nufi asibitin da gwangwanin biskit a hammata, wai ya zo tambayar ko an ji labarin jaririyar. Da aka yi wata da watanni Bernice ta ce masa jaririyar ta fara rarrafe, in yana da wata magana ya faɗa.

Aka yi gaisuwar iyaye a ƙauyen su Bernice wajen Kachia, aka gama komai na al'ada, aka sa rana a farkon 1976. Nan ne Silvanus ya fito da abin da ya daɗe yana ajiye da shi a zuciya. Shi ba ya son bikin da za a cika fili ana turereniya a kan shinkafa. Ƙaramin biki yake so, na mutum goma sha biyu, kowa da kujerarsa da farantin tangaran da cokali mai yatsu, a ci kaza gasasshiya, a yanka kek mai hawa uku, a yi magana a hankali.

Afiniki tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya faɗa mata. Ta ajiye rariyar.

"Goma sha biyu? Jibin Ubangiji za ka yi, irin na Almasihu da almajiransa?"

"Yaya, haka manyan mutane suke yi. Na gani da idona."

"Manyan mutanenka ba su da dangi ne? Matan zumunta fa? Tun kana da gashi a tsakiyar kai muke maka addu'ar aure. Yanzu Allah ya amsa, ka ce mu zauna a gida?"

"Ku zo coci. Coci na kowa ne. Cin abincin ne kawai na mutum kaɗan."

Afiniki ta ce, "To," ta ɗauki rariyarta. Duk wanda ya san Afiniki ya san wannan "to" ɗin ba yarda ba ce, amma Silvanus ya tafi yana murna.

Matsalar wuri ce ta fara taso masa. Ya duba falon wani hedimasta, ya ga tagoginsa sun yi ƙasa, yara za su leƙo. Ya duba wani lambun mangwaro a bayan gari, ya ga ba shinge. Ga shi kuma kusan rabin yaran garin a hannun Bernice suka zo duniya, duk inda ya bi a kasuwa sai wata uwa ta tare shi ta ce ta riga ta sayi ɗankwalin biki. Abokin aikinsa Martins, kukun jirgin, shi ya kawo dabara suna shan shayi a bayan tasha.

"Bature, wuri ɗaya ne a duniyan nan da mutum ba ya shiga sai da tikiti. A ciki kake kwana, a ciki kake tashi."

Silvanus ya ajiye kofinsa ya daɗe yana kallon Martins. Washegari ya je wurin mai gidansu na aiki, ya roƙi tebur uku a taragon cin abinci daga Kafanchan zuwa Jos, ranar Asabar ɗin auren. Mai gidan ya yi dariya har da hawaye, sannan ya amince, in dai kowa zai shiga da tikitinsa.

Bernice ba ta musa ba da ya gaya mata. Tambaya ɗaya ta yi: "Ranar, wa zai kai abinci tebur?" Ya ce abokan aikinsa. Ta ce, "Kai kuma za ka zauna?" Ya ce ai shi ne ango, me zai tashe shi.

Zaɓen mutanen ya jawo masa gaba da kawunnai biyu da wani dattijon coci. Waɗanda aka zaɓa ma ba su huta ba, don ya tara su a barandar Afiniki wata Lahadi da yamma yana koya musu riƙon wuƙa da cokali mai yatsu a kan dafaffiyar doya. Kawun Bernice ya danna doyarsa ta yi tsalle ta faɗa cinyar Faston cocinsu. Afiniki dai ta koyi nata tsaf, ba gardama, abin da ya kamata ya sa Silvanus ya yi tunani.

Ranar auren coci ya cika har waje. Da aka gama ɗaurawa, taron bai watse ba, sai ya bi ango da amarya zuwa tasha, matan zumunta a gaba cikin zannuwansu iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki suna waƙa. Silvanus yana tafe cikin baƙar kwat yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda zai tafi Ingila. Jirgi ya iso, baƙinsa suka hau, ya zaunar da kowa a inda ya tsara. Tagogi a goge, furanni a kwalba, kek ɗin Martins a tsakiya. Da jirgin ya yi kuka ya fara motsi, ya sauke ajiyar zuciya ya ce wa Bernice, "Kin ji shiru?"

Shirun bai kai Kagoro ba. A ƙaramar tashar can mutanen ƙauyen su Silvanus suna tsaye suna jira, ba wanda ya san wa ya gaya musu lokacin. Kafin gadin jirgi ya ɗaga tutar tashi an miƙo ƙwaryar tuwon acca ta taga, da tulun kunu, da zakara mai rai an ɗaure masa ƙafafu. Fasto ne ya karɓi zakaran don shi ne kusa da tagar, ya rasa inda zai sa shi, ya tura shi ƙarƙashin kujerarsa.

Aka kawo miya ta farko. Silvanus ya ga wani abokin aikinsa ya ajiye faranti ta hannun da bai dace ba, ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe masa bayan kwat. Bernice ce, tana murmushi tana magana da matar Fasto kamar ba ita ba. Haka aka yi ta yi har aka kawo kaza.

Jirgin ya fara hawan dutse, ya rage gudu, ƙarar ƙafafunsa ta ragu. A nan ne aka jiyo wani sauti daga can baya. Tulu ne ake kaɗawa, da muryoyin mata suna amshi. Silvanus ya ajiye wuƙarsa ya dubi yayarsa.

"Yaya, wannan waƙar zumunta ce."

Afiniki ta goge bakinta da adiko yadda ya koya mata. "Kai ka ce sai mai tikiti. Sun sayi tikiti."

"Su nawa?"

"Ban ƙirga ba. Taragon dai ya cika."

Ya juya wajen amaryarsa. Bernice ta ce ita ma ta sani, tun makon jiya matan suke sayar da citta da gyaɗa saboda wannan tafiyar, kuma sun yi alkawari ba mai taka ƙafa cikin taragonsa. Gaskiya kuwa ba wadda ta leƙo. Suna can a kan bencin katako suna yi masa waƙar aure ta bayan ƙofofi.

Silvanus ya yi ta juya kofi a kan tebur. Aka yanka kek, kowa ya ci yanka ɗaya, hawa biyu da rabi suka rage. Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce wa Martins ya kawo masa babban tire da safar hannunsa. Wannan karon Bernice ba ta riƙe kwat ɗin ba, sai ma ta tattare rigar amarcinta ta bi bayansa da tulun kunun.

Waɗanda suke wurin har yau suna ba da labarin shigowarsa. Jirgi na lanƙwasa a kan dutse, mutane na dafe da juna, shi kuwa ga tire a tafin hannu ɗaya sama da kafaɗa, ko gutsure bai faɗi ba. Matan suka rangaɗa guɗa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan rusunawa yana cewa, "Mama, bismilla," kamar yadda yake yi wa manyan ma'aikatan gwamnati. Wata tsohuwa ta ƙi cin nata, ta ƙulle a bakin zane za ta kai wa jikokinta. Har fasinjojin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wani ɗan kasuwar Aba da wasu sojoji biyu, sai da suka samu rabonsu. Da kek ya ƙare aka aika a ɗauko tuwon accan, Fasto da sauran baƙin suka biyo shi, tebur ukun nan suka zauna ba kowa sai zakara.

Sai da aka sauka a Jos da la'asar aka gane abin da ba wanda ya yi tunaninsa: jirgin komawa sai gobe. Yawancin matan ba su taɓa zuwa Jos ba, ba su zo da rigar sanyi ba, ba su san kowa ba. Mai hoton da Silvanus ya shirya ya gaji da jira ya rufe shago, domin ango da amarya suna can suna yawo daga wannan coci zuwa wancan suna nema wa matan zumunta wurin kwana. A ƙarshe wani fasto ya buɗe musu ajujuwan makarantarsa, matarsa ta haɗo barguna daga maƙwabta. Shi ya sa babu hoton auren ko ɗaya.

Silvanus ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya, suka haifi 'ya'ya mata biyu da Bernice, suka gina gida a hanyar Kagoro. In aka tambaye shi labarin auren, cewa yake yi komai ya tafi daidai yadda ya tsara. Afiniki kuwa daga tafiyar bikin ta dawo da mura ta Jos, muryarta ta dushe ƙurmus, sai wata ce ta ja waƙa a zumunta har ƙarshen watan. Tana zaune a benci na gaba da gyale a wuya, tana yi wa mai jan waƙar alama da hannu duk inda ta yi sauri.