Eriyata da Tsakar Gidan Alhaji

Ɗakina a unguwar Mahdiya ta garin Sabha yana bayan shagon da nake gyaran rediyo, kuma a bayan ɗakin akwai 'yar ƙofar ƙarfe da matakala mai hawa saman gini, inda tankin ruwa yake. Ginin na Alhaji ne, mutumin Fezzan, wato ɗan asalin yankin nan, wanda gidansa yake manne da namu ta gabas. Kakarsa ta wajen uwa Bahaushiya ce, don haka yana jin Hausa, yana kuma yin ta a kakkarye, inda ta gagare shi ya cike da Larabci. Ranar da ya ba ni makulli, tun gemuna bai yi fari ba, sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Usta yake kirana, kamar yadda ake kiran mai sana'a a nan.

Ya ce, "Usta, sama ba wurin zama ba. In tanki ya lalace, ka zo ka faɗa, mata su shiga ciki, sannan ka hau."

Haka kowa yake yi a nan. Gidajen a haɗe suke, wanda ya tsaya a saman ɗaya yana ganin tsakar gidan ɗayan, kuma tsakar gida ta mata ce. Ko mai ɗaura kwanon talabijin ba ya taka matakala sai an zagaya an sanar da maƙwabta.

Ni baƙo ne daga Kano, kuma baƙo a Sabha yana zaune ne da bakin wanda ya tsaya masa. Duk shekarun da gari ya rikice, in aka tare ni a shingen masu bindiga, cewa nake yi ni mutumin Alhaji ne, sai a bar ni in wuce. In ya ce in tashi, babu mai ba ni wani ɗaki a unguwar, domin za a tambayi dalili. Kano kuwa na daɗe da barinta, waɗanda zan koma wa sun ragu ƙwarai.

A cikin waɗannan shekarun ne wani ya kawo mini wata 'yar rediyon hannu gyara, bai sake dawowa ba. Tana kama abin da rediyon gida ba ta kamawa. Wata safiya ina murɗa ta a bakin shago sai na ji wani sauti kamar bugun agogo haɗe da fito, ya zo a hankali, ya yi ƙarfi, ya dushe. Na ba wani injiniya da yake kawo mini aiki labari, ya yi dariya ya ce tauraron ɗan'adam ne mai duba yanayi ya wuce ta kaina. Ya sa mini wani abu a waya mai nuna lokacin da kowanne zai wuce da kusurwar da zai ɓullo, ya kuma nuna mini yadda zan haɗa eriya da bututun roba da sandunan alminiyam. Ya ce akwai babbar tashar da mutane suke zaune a cikinta a sararin samaniya, wani lokaci ana jin muryarsu.

Tun daga nan abin ya shiga raina. Na yi rayuwata ina gyara wa mutane abin da suke sauraro, wannan ne kaɗai na ji nawa ne. Amma lungunmu ƙunci gare shi, bango ta ko'ina. Tashar tana ɓullowa daga gefen sama, ta ratsa, ta faɗa ɗaya gefen cikin ɗan lokacin da bai fi a sha shayi ba, kuma dole ka bi ta da eriya a hannu kana ɗan murɗa rediyon. Daga bakin shago sai in ji guntun murya, bango ya yanke. Sama kaɗai ce take da fili.

Karo na farko na je na buga ƙofar Alhaji. Kunya ta hana ni cewa tsoho kamata zai hau ya saurari sama, sai na ce tanki ne. Karo na biyu ma na ce tanki. A na uku ya dube ni ya ce, "Wannan tanki ya tsufa. Gobe in kawo mutum ya canza." Na rantse masa na gyara shi ke nan, ba zai sake ba. Na dawo shago na san na rufe wa kaina wannan hanyar.

Sai na fara hawa ba sanarwa. Nakan tsuguna a bayan tanki, bayana yana ga gidansu, abin ji a kunne. Na ji Turawa masu irin sha'awata suna kiran juna ta cikin tashar, kowa yana jero haruffan da ake gane shi da su da sauri kafin ta wuce. Ba na jin abin da suke faɗa, amma na san muryar ta hau sama ta sauko a hannuna. Ina gamawa sai in rarrafo in sauka, in ce wannan ne na ƙarshe.

Wata safiya a lokacin sanyi, bayan hantsi ya ɗaga, na ji abin da na daɗe ina jira. Murya ɗaya ce, ta mace, a natse, tana magana tana tsayawa kamar mai amsa tambayoyi. Injiniyan ya taɓa gaya mini haka ake jin mutanen cikin tashar, nasu kaɗai ake ji, ba a jin mai tambaya. Tanki ya fara tare mini sautin, na miƙe. Tashar ta ratsa tsakiyar sama, na juya da ita. Ta fara gangarawa gabas, muryar tana raguwa, ni kuma ina sunkuyar da eriya ina binta taku bayan taku, har gwiwata ta bugi ɗan bangon gefe.

Sai na ga inda sandar take nunawa. Hajiya, matar Alhaji, tana kwance a kan tabarma a rana, kanta babu ɗankwali, ƙafarta ɗaya a kan matashi, surukarta tana shafa mata mai. Hajiya ta ɗago. Mun haɗa ido. Surukar ta ja zane ta rufe ta. Ban san yadda na sauko ba, na dai tarar da kaina a ɗaki, rediyon tana ta shuu a kunnena.

Ranar ban buɗe shago ba sai bayan azahar. Ba wanda ya zo. Washegari na ga an kafa sanduna a kan katangar gidansu an ɗaure tampol shuɗi, ana hango bakinsa daga titi. Alhaji ya wuce zuwa masallaci, na gaishe shi, ya amsa bai tsaya ba, shi da kullum sai ya leƙo ya tambayi aiki. Da yamma babban ɗansa, wanda yake tare da masu tsaron shingen hanyar fita gari, ya ajiye motarsa daidai ƙofar shagona, ya zauna a ciki bai kashe inji ba, can ya tafi.

Kusa da ni akwai tela, mutumin Damagaram, abokin wasana. Tun da muka san juna ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Shi kaɗai ya san ina hawa. Na shiga wurinsa na zauna a kan buhun ƙyallaye.

Ya ce, "A'a, ɗan sama jannati ya sauko! Yaya mutanen sama, sun ce a gaishe mu?"

Na ce, "Bar wasa, Badamagare. Na yi ɓarna."

Ya tsayar da keke. Na gaya masa duka. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Kai Bakano, duk faɗin saman nan sai tsakar gidan mai gidanka? Ta gan ka?"

"Ta gan ni."

"To, saurara. In sun kira ka, tanki ka je dubawa. Idonka ba ya gani, duk kartiyen nan, unguwa kaf, an san sai ka sa tabarau biyu kake ganin waya. Ka rantse ba ka ga kowa ba. Sandar nan kuma ka karya ta yau, ka kawo in rataye yadi."

"In rantse a kan ƙarya?"

"To kada ka rantse. Ka ɗaure kayanka, in nemo maka mota mai zuwa Agadas. Da wannan bayan naka ko Gatrun ba za ka kai ba."

Ya yi dariya, amma da na tashi ya riƙe hannuna ya ce in ɗan ya zo da dare kada in buɗe, in buga bango zai ji.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Ba wanda ya ce mini komai, kuma shirun ne ya fi cin raina. Duk motar da ta rage gudu a lungu sai in ajiye abin da ke hannuna. Na ƙona rediyon wani direba da ya kawo gyara. Mai burodi ya miƙo mini burodi bai dube ni ba, na yini ina tunanin ko ya ji ne, ko kuwa kansa ne yake ciwo. A masallaci na koma sahun baya. Wayata kuma ba ta san abin da ake ciki ba, tana ta ƙara tana sanar da ni tashar za ta wuce, har na rasa yadda ake kashe abin na cusa ta ƙarƙashin katifa. Sau da yawa na ɗauki eriyar zan karya, sai in ga in na karya ta ba ni da abin da zan nuna a ce ga abin da ya kai ni sama. In na bar ta kuma, ga sanda mai ƙahoni a ɗakin baƙo, a garin da ake tsoron duk abin da ya kalli sama.

Ran nan bayan la'asar ɗan ya tsaya a bakin shago ya ce da Larabci babansa yana kira. Na ɗauki rediyon da eriyar na bi shi. Telan ya leƙo, ya ga abin da na riƙe, ya dafe kai.

Alhaji yana zaune a ɗakin baƙin maza yana haɗa shayi. Ya nuna mini wuri. Ɗan bai zauna ba, ya jingina da ƙofa. Na ajiye kayan a gabansa na fara bayani: tauraron, tashar, mutanen da ke ciki, yadda ake bin ta da hannu. Na ce in ya yarda gobe da safe za ta wuce, ya sa a kunnensa ya ji da kansa. Ina magana ina jin yadda maganar take fita kamar ta mahaukaci.

Ya bar ni na gama. Ko kallon kayan bai yi ba. Ya miƙo mini ɗan kofi.

Ya ce, "Usta, abin da ka ji ba ruwana. Me ka gani?"

Maganar telan tana bakina, a shirye. Idona da gaske ba shi da ƙarfi, ba wanda zai ƙaryata. Kofin yana ƙona mini yatsu.

Na ce, "Na ga Hajiya a kwance a rana, ana shafa mata mai a ƙafa. Kanta a buɗe. Na gani, Alhaji."

Ɗan ya taso daga jikin ƙofa yana magana da ƙarfi, Larabcin da sauri har ban kama rabinsa ba, amma na ji "yau" na ji "ya fita". Alhaji ya ɗaga hannu.

"Tanki fa?"

"Tanki lafiyarsa lau. Tun farko ma lafiyarsa lau."

Ya juya cokali a cikin shayi. Sannan ya ce likita ne ya ce Hajiya ta riƙa shan ranar safe saboda ƙashinta, kuma tun ranar ba ta sake fitowa ba. Ita ta sa aka ɗaura tampol. Ƙafar ta kumbura, da dare ba ta barci. Ni duk kwanakin nan ɗakina nake tunani, ban taɓa tambayar kaina abin da ya kai tsohuwa kwanciya a rana ba.

Ya ce, "Ɗana ya ce ka tafi. Ni ban sani ba. Tsakar gida ba nawa ba ne, nata ne."

Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga cikin gida. Aka bar ni da ɗan. Ban ɗago na dube shi ba. Ina jin muryoyi daga ciki, ta Alhaji ƙasa ƙasa, ta mace tana hawa tana sauka. Shayin ya huce a hannuna. Na fara lissafa a raina abin da zan iya ɗauka da abin da zan bar wa telan.

Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce, "Ta ce tsoho ba ya da inda za shi, ka zauna. Amma ƙofar sama a liƙe ta da wuta, ta ji ƙarar da kunnenta. Tanki in ya lalace, mu za mu hau ta wajenmu."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce in ɗauki kayana, lokacin salla ya yi.

Washegari ɗan ya zo da mai walda. Babu wuta a layinmu, sai daga janaretan shagona aka ja waya, ni na riƙe ta don kada ta zame. Telan ya tsaya a bakin ƙofa da tef a wuya, yana ce wa mai waldan ya ƙara a ƙasa, Bakano ko ta ramin ɓera zai bi. Ba wanda ya yi dariya sai shi. Da aka gama ɗan ya jijjiga ƙofar da hannu biyu, ya ga ba ta motsi, ya fita bai yi mini sallama ba.

Na ci gaba da zama a ɗakina, shagona a buɗe. Tampol ɗin bai sauka a ranar ba, bai sauka a makon ba. Kullum da hantsi nakan fito bakin titi kamar mai shan iska in dubi saman katangarsu, in koma ciki. Ban tambayi Alhaji ko Hajiya ta koma shan rana ba, ba ni da bakin tambaya.