Katin da Na Ba Kawu Ladan

Jiya a kasuwar Gummi na ji kalangu a wata waya, sai marigayi kawuna, ladanin unguwarmu, ya faɗo mini a rai.

Ya taɓa aikena in turo masa wa'azi a katin memori na waya. Na yi kuskure na miƙa masa nawa, mai cike da waƙoƙi, har da na Indiya! Zufar da na yi da na gane ta isa ban ruwan albasa.

Washegari ya kira ni yana ɓare goro. Na durƙusa ina jiran tsinuwa.

Ya ce, "Ba'indiyar ga, wa yam mutu mata? Mai gambarar zamani kau, ku ba shi ruwa shi huta. Amma mai kalangun ya iya! Katin ga ba ka ƙara ganinai."

Wallahi har yau bakina bai gama rufuwa ba. Allah Ya sa kunnuwan nan su ji sallamar mala'iku, Kawu.