Wanda Ya Tafi da Wanda Ya Zauna

Ƙarar kofi ce kawai. Ina kwashe kwanuka bayan sallar magariba, gwiwar hannuna ta ture tsohon kofin silba daga kan kanta, ya faɗo kan siminti, ƙwal, ya gangara ƙarƙashin gado. Husna, 'yar ƙanena Sani, ta kutsa ta ciro shi. Shekararta bakwai. Ita da mahaifiyarta suna zaune wurinmu a Kudan tun da aka tura Sani, wanda soja ne, aiki can gabas.

"Gwaggo, wannan lotsattsen kofin me ya sa ba kya yar da shi?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tsinci kaina a gidanmu na ƙauyen Taba, ina yarinya kamarta.

Lokacin yankan rake ne aka fi yi mana tatsuniya. Da an ci tuwo, Iya, kakarmu, sai ta ja kujerarta 'yar tsuguno gaban murhu, ta ƙara kara biyu, mu jikoki mu kewaye ta. Kakanmu, da muke kira Baba Tsoho, yakan dawo daga wurin dafa mazarƙwaila yana ƙamshin hayaƙi da zaƙi, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinsa, carbi a hannu, kofin nan a gefensa. Da shi yake shan kunu, kuma shi yake wanke abinsa. Abin da muka sani dai, na yayansa ne da ya tafi soja zamanin yaƙi bai dawo ba.

Iya tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan tana sallama." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Akwai wata guda da ba ta gajiya da ita. Wai wa da ƙani ne a wani gari da Dodo ya tare musu rafi. Aka yi shela kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Wan ya rataya kwari da baka, ya nuna wa ƙanin murhun gidansu, ya ce, "Kada wutar nan ta mutu sai na dawo." Aka kashe Dodo, ruwa ya samu, maza suka dawo, ban da wan. Ƙanin ya zauna gadin wuta. Damina ta zo, ya tuɓe rigarsa ya yi mata rumfa. Itace ya ƙare, ya zare jinkar ɗakinsa ya sa. Har ya yi furfura yana hurawa.

A nan Iya takan tsaya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, 'yan nema, wa ya fi?"

Abin da ke ruɗa mu, ita kanta ba ta da amsa guda. Yau ta ce, "Wanda ya tafi mana, ba don shi ba da ƙishirwa ta gama da ku." Bayan kwana uku ta ce, "Ruwa ba wuta ai sai dai a sha gari." In muka ce, "Iya, ba haka kika ce ran nan ba," sai ta ce, "Ran nan ai ba yau ba ce."

Wata rana na gaji. Na miƙe tsaye na ce, "Ni dai ƙanin nan matsoraci ne! Gadin murhu ai aikin mata ne."

Na ji ƙarar carbi ta tsaya.

"Ke!" in ji Iya. "Allah ya shirya bakin nan naki."

Baba Tsoho ya yi 'yar dariya. "Ƙyale mini amaryata," ya ce, irin wasan kaka da jika. "Gaskiyarta. Ni ma wan na zaɓa." Ya laluba aljihu ya miƙo mini guntun mazarƙwaila. Na karɓa ina taƙama na ci gardama.

Ina aji biyar na sakandare Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar uku wani dattijo Kirista ya zo tun daga kudancin Kaduna, yana dogara sanda. Baba Bulus sunansa. Tare suka yi soja da yayan Baba Tsoho, shi ya kawo kofin nan gida bayan yaƙi. Ina kai ruwa zaure na ji yana ce wa mahaifina, "Babanka ya cika a hannuna yana ambaton ka, kana goye a lokacin. Wannan da kuka binne kuwa, ya riƙe amanar da aka bar masa."

Na ajiye kwanon. Na ruga na tambayi mahaifiyata. Ta ja ni ɗaki ta faɗa mini a hankali: sojan shi ne mijin Iya na fari, shi ya haifi babana. Da ta gama takaba, ƙaninsa ya aure ta don kada yaron ya tashi a hannun bare. Ba a taɓa furtawa ba, saboda alkunya. Mace irin Iya ba ta kama sunan mijinta na fari, balle ta zauna ta ba jikoki labarinsa. Ashe sai ta naɗe shi cikin tatsuniya.

Na same ta bayan arba'in na ce, "Iya, ƙanin nan mai gadin wuta, Baba Tsoho ne?" Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Tatsuniya ce, 'yar nan."

Har yau ban warware ba. Godiya take yi masa a gabanmu, tunda bakinta ba zai iya faɗa kai tsaye ba? Ko kukan wancan take yi, shi kuma yana zaune yana ji shekara da shekaru? Da ya ce wan ya zaɓa, har zuciyarsa ne, ko rufa mini asiri ya yi? Jinin ɗaya ke jikina, gumin ɗayan na ci na girma. Na farkon ban taɓa ganin sa ba. Na biyun na gan shi kullum, abin da na saka masa da shi kuwa shi ne "matsoraci". In na idar da salla nakan roƙa musu gafara su biyun, amma sai in tsaya ina tunanin wa zan fara ambata. Ga shi yanzu Sani yana can riƙe da bindiga, maigidana yana nan yana ban ruwan tumatir, yana ciyar da gida biyu bai taɓa ɗaga murya ba.

Husna tana tsaye da kofi tana jira. Na zaunar da ita kusa da kurfoti, na ce ga ta nan tana sallama, na koya mata amsar. Na ba ta labarin tun daga Dodo har furfura. Da na iso wurin tambayar, sai na tsallake ta.

Ta juya kofin, ta sa ɗan yatsa a lotsawar.

"Gwaggo," ta ce, "gobe in za ki sake, ki bar wan ya dawo. Sai ya yi wa ƙanin nasa sannu da bakinsa."