Kawu Munawwar da Kilt Mai Rufe Gwiwa

Kullum bayan sallar asuba Kawu Munawwar zai gangara shagonsa a unguwar Pollokshields ta birnin Glasgow, ya ɗora butar shayi, ya baza yadin tartan mai ratsi-ratsi a cinya, ya shiga ninke shi da allura, layi kan layi. Haka muka taso muka gan shi. Makon jiya ya rufe shagon, don ido ya ƙi.

A wurin wani tsoho mai suna Murdo ya koyi ɗinkin kilt, zanen nan na maza da kowane dangi a Scotland ke da launinsa. Mu da iyayenmu suka zo daga Punjab ba mu da launi, ba mu kuma nema ba. Shi ya nema mana. Ya haɗa kore da shuɗi, ya ratsa su da siririn fari, ya kai masaƙa. Sannan ya yi abin da ya jawo masa surutu. Kilt a tsakiyar gwiwa yake tsayawa, shi kuwa ya sauko da nasa ƙasa, don mutum ya iya sallah a ciki.

Murdo ya ɗaga shi ya ce, "Yaro, wannan kilt ne ko labulen uwarka?"

Wata ranar Idi Kawu ya sa shi ya shigo masallaci. Haji Sarwar, dattijon unguwarmu, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Munawwar, siket ɗin matarka ka aro? To wuce baya, can sahunsu yake." Aka kwashe da dariya. Bai sake sa shi ba.

Amma bai daina ɗinkawa ba. Kawu, kai ne ka yi shekara da shekaru kana yi wa angwayen wasu kilt, tsakanin aiki da aiki kana ɗinka namu kana ratayewa, ba mai tambaya. Burinka ɗaya, kowa ya sani: ka ga sahu guda na 'ya'yanmu cikin yadin nan ranar Idi.

Sai bana abin ya yiwu. Zeeshan, jikan Haji Sarwar ɗin nan, ya gaji da tambayar daga ina yake alhali a Glasgow aka yanke masa cibiya. Ya tattaro abokansa suka sauke duk kilt ɗin da ke rataye a shagon Kawu. Ranar Idi suka cika sahu, kore da shuɗi daga bango zuwa bango. Kawu yana zaune a kujera kusa da su, ba ya ganin komai sai duhu-duhu.

Bayan sallama Zeeshan ya durƙusa gabansa. Kawu ya laluba ninkin, ya bi shi da yatsa har ƙasan gwiwa.

"Wannan ɗinkina ne," in ji shi. "Koren ya fito kuwa?"

"Ya fito, Kawu."

"Ku nawa ne?"

"Sahu guda."

Ya jinjina kai. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Mun gode, Kawu, duk da mun makara. Ku kuma samari, sa kilt ba wuya. A cikinku babu wanda ya iya ninki ko ɗaya. Allurarsa tana nan a aljihunsa. Ku je yanzu, tun hannun bai bi idon ba.