Hular da na aika wa mai takardu

Ɗana na fari yana ƙasar Sifen, yana aikin gonar tumatir. Shekarar da aka sa masa ranar zuwa ofis kan takardar zama, barci ya ƙaurace mini. In aka hana shi, gida za a koro shi.

Mu nan Kaura ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ko zance za ka kai wa mai unguwa, ka riƙe goro. Sai na sa aka ɗinka hula mai kyau, na haɗa da turare. Akwai wani mutumin Shinkafi da suke gari ɗaya da ɗana can, ya zo ganin gida zai koma. Na ba shi ƙunshin, na ce ya kai wa mai duba takardun hannu da hannu, ya ce gaisuwa ce daga uwar wane. Ya ɗan yi jim, ya ce to, Inna.

Sai da ya kama hanya na gaya wa ɗana a waya, ina jiran ya yi murna. Sai ji na yi ya ce:

"Inna, mi kika yi? Abin ga nan sunanshi corrupción."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita sau uku, har kunnena ya riƙe: korufsiyon. Ya ce shi ne abin da muke kira cin hanci da rashawa, kuma ana faɗinsa ga mai bayarwa da mai karɓa duka. Na ce cin hanci ai a ɓoye ake yinsa, ni kuwa da rana tsaka na aika, da sunana. Ya ce sunan nan ne ma zai kashe shi, don a takardarsa za a rubuta.

Kwana uku muna neman mutumin Shinkafi, wayarsa a kashe. Ina tankaɗen gero ina faɗin kalmar, ina alwala tana bakina. Maƙwabciyata ta ce ko sunan ciwo ne likita ya gaya mini. Na ce kusan haka.

Ran na huɗu ɗana ya turo hoto, ƙanwarsa ta nuna mini. Ga shi tsaye cikin tumatir, hular a kansa. Ashe mutumin ya san dokar wurin sarai, nauyina ya ji ya kasa musa mini, yana sauka ya miƙa wa ɗana ƙunshin.

Ranar ofis ya tafi ba komai a hannunsa sai takardu. Ban iya cin abinci ba sai bayan la'asar da ya kira ya ce an ba shi takardar zaman. Na tambaye shi ko yanzu da aka gama za a iya kai turaren, tunda godiya ce.

"Inna," ya ce, "maimaita kalmar nan in ji."